Filin da Zai Ɗauki Sunana

Sallama gare ku 'yan gidan nan, tsofaffi da sababbin shigowa. Masu turo mini saƙo cewa na cika taurin kai, wai 'ya mace ba ta ja da mahaifinta, duk na karanta, kuma ko a jikina. Ku bari in zayyana muku abin da ya faru satin nan tukuna, sannan kowa ya yanke mini hukuncin da ya ga dama.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Kubra, shekarata ashirin da shida, zanen lalle ne sana'ata. Duk amaryar da kuka gani a layinmu na Umbadda da baƙin fure har gwiwar hannu, ku tambaya, aikina ne. A Umdurman ta ƙasar Sudan aka haife ni, amma tun da na yi wayo ban taɓa buga ƙusa a bango ba sai da izinin wani. Gidan da muke ciki yanzu shi ne na bakwai.

Ran Asabar mai gidan ya zo. Ya zauna a kan angarib, gadon igiyar nan na tsakar gida, ya sha gahawar Yumma, wato mahaifiyata, har finjali uku, ya yaba, sannan ya ce ɗansa zai yi aure, kafin damina ta ɗauke mu nemi wani wuri. Ya jera mana "ma'alesh", wato mu yi haƙuri, ya fita. Yumma ta shiga kicin ta kama wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Baba kuwa ya shafa gemu ya ce abin da na san zai faɗa.

"Ba komai. Mu dama matafiya ne."

Wallahi na tsani kalmar nan. Bari ku ji inda ta samo asali. Kakana Alhaji Jatau ya baro wajen Haɗeja da ƙafa shi da matarsa Gogo, da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya tsinkar auduga, a can aka haifi Baba. Daga baya suka matso Umdurman don a tara kuɗin jirgin ruwa. Har Allah ya karɓi ransa bai ga Ka'aba ba, ko da yake kowa Alhaji yake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mutanenmu a wancan lokacin. Sai ya bar wasiyya: kada a sayi ƙasa, kada a ɗora jan bulo, ko bishiya kada a dasa, don wanda ya kafa gida a hanya ya warware niyyarsa. Baba, Malam Mainasara, tela ne a Kasuwar Umdurman, kuma ya riƙe wasiyyar nan da hannu biyu. Shi ya sa duk gidan da muka koma, akwatin ƙarfen Gogo a bakin ƙofa ake ajiye shi, ɗaure tam da igiya, sandar Alhaji a soke cikin ɗaurin. Wai kullum a shirye muke. Shekara sittin da wani abu ana shiri, jama'a!

To ni na gaji. Ina da awarwaron zinariya huɗu da na tara da lalle, ɗaya bayan ɗaya, ina durƙushe gaban ƙafafun amare har bayana ya riƙe. Ƙawata Bahita, mai sayar da shayi a bakin Kasuwar Libiya, ita ta ba ni labarin filayen da ake yankawa can yamma, bayan tashar ƙarshe. Ba wuta, ba famfo, ruwa sai na amalanken jaki, shi ya sa suke da araha. Ta haɗa ni da dillali, wani mutuminmu mai suna Nagoggo. Na ce masa abu biyu: ba zan saya ba sai na ga shahadar bahas, takardar ofishin filaye mai nuna ainihin mai wurin, kuma ba zan je dubawa ba sai ranar da aka kwana ana ruwa.

Ran Lahadi bayan la'asar na sami Baba yana lazimi. Na durƙusa gefen tabarma na jira ya shafa.

"Baba, magana ce da ni."

"Ina ji."

"Na samu fili. Da gumina zan saya, ba na neman ko fam ɗaya a wurin kowa. Albarkarka kawai nake so."

Ya ajiye carbi a hankali. Da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Kubra, ke ce za ki warware abin da mahaifina ya ƙulla?"

"Baba, Makka tana nan inda take. Yanzu daga Hartum jirgi ake shiga, kafin shayi ya huce an sauka Jidda. Wanda ya mallaki gida ma yana zuwa ya dawo gidansa."

"Ke kika san jirgi. Shi niyya ya sani."

"Yumma fa? Sau shida tana naɗe labule. Ka ga hannunta yadda ya koma?"

"Kul!" Ya ɗaga yatsa. "Kada ki sa uwarki a ciki. Ba da yawuna ba. Kuma ki sani, yaron nan Ƙasimu da ke jiran in sa rana, babu ranar da zan sa muddin maganar filin nan tana bakinki."

Na tashi idona ƙamas. Gogo tana zaune a bakin ƙofa kusa da akwatinta, tana tsince wake a faifai. Ko kai ba ta ɗaga ba. Na ce a raina, ai dama ke ce uwar tafiyar, me za ki ce.

Ƙasimu, ga sababbi, shi ne mutumin. Yana da shagon wayoyi a Kasuwar Libiya, dogo, mai wushirya, in ya sa farar jallabiya ya naɗa rawani sai in manta abin da nake faɗa a kai. Shekara biyu muna tare. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa, son da har haushin kaina nake ji. Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Kef ya Kubra, ya kike? Baba ya kira ni jiya."

"Na sani."

"Ki same ni wurin Bahita bayan azahar. Ina da mafita, za ki ji daɗi."

Na saka tob ɗina, wato lafaya, ruwan zuma mai ɗigon fari, wanda ya ce yana yi mini kyau, na turara shi da sandal, na zuba awarwarona huɗu a hannun hagu don ya gan su da kyau. Na same shi a kan 'yar kujerar Bahita, ya riga ya sa an haɗa mini shayi da na'ana'a. Wannan ɗan abin nasa ne yake kashe mini jiki.

"Saurara," in ji shi, ya matso da kujera. "Baba cewa ya yi zuriyar Alhaji Jatau ba ta sayen ƙasa. To ni ba zuriyarsa ba ne. Ki kawo zinariyar, a rubuta filin da sunana. Baba ya sa rana, mu yi aure, mu gina, ki shiga abinki. Halas, shi ke nan, kowa ya huta."

Na dube shi. Yana ta murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Da sunanka."

"Ai ni da ke ɗaya ne."

"In ɗaya ne, me ya hana a sa nawa?"

"Haba Kubra, takarda ce fa kawai."

"Takarda ce ta tashe mu sau shida, ga na bakwai yana tafe. Ƙasimu, kana so in sayar da gumina in shiga gidan haya na takwas, mai gidan kawai aka canza mini?"

Fuskarsa ta sauya. "Au, haka kika ɗauke ni? Ni zan kore ki?"

"Ban ce za ka kore ni ba. Mai gidanmu ma da ya ba mu makulli bai ce zai kore mu ba, har rago ya kawo mana da salla."

Bahita ta yi kamar tana hura gawayi, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa don dariya. Ƙasimu ya rage murya.

"Ya zola, baiwar Allah, ki yi tunani. In kika sayar da waɗannan, da me za ki fito ranar biki? Amarya da hannu tsirara a garin nan? 'Yan'uwana mata sai sun cinye ni da magana."

"Su ci. Zan zana wa kaina lallen da ba wanda zai tuna da zinariya."

"To auren fa?"

Tambayar nan ta taɓa ni. Na kurɓi shayin ya ƙona mini harshe. Na ce, "In kana so na, ranar Alhamis ƙarfe goma akwai ofishin lauya kusa da Suk al-Arabi. Shaidu biyu ake nema. Bahita ta kawo mini yayanta, saura ɗaya." Na tura masa taswirar wurin filin a waya don kada ya ce ban nuna masa ba, na ja tob ɗina na tafi. A cikin mota na yi kukana a ɓoye, na share, na sauka kamar ba ni ba.

Daren Talata aka sheƙa ruwa. Da asuba na leƙa, layinmu ya zama tafki, raina ya yi fari ƙal. Na jira Baba ya fita masallaci, don in ya fita sai hantsi yake dawowa karin kumallo. Na saka tsohon tob da takalmin roba, na sulalo zan fita. Sai na yi turus.

Gogo ce zaune a kan akwati, ta sha farin tob ɗinta na zuwa ta'aziyya, sandar Alhaji a hannunta, ga wani ƙunshi a cinya.

"Ina za ki, ja'ira?"

"Aiki."

"Amaryar taɓo za ki yi wa lalle da wannan takalmin? Kama ni in tashi. Tare za mu."

Na ce a raina shi ke nan, Baba ya turo mini 'yar sanda. "Gogo, wurin da nisa, ga ƙafarki."

"Ƙafar da ta taka daga Haɗeja ce za ki yi wa gori? Wuce mu tafi, kafin ubanki ya dawo."

Mota biyu muka shiga, sannan rakasha, keken nan mai ƙafa uku, ita ma ta kafe a taɓo sau biyu. Duk hanyar Gogo kallon taga kawai take. Muka wuce Kasuwar Libiya, muka wuce gidajen jan bulo, muka wuce na laka, har gari ya ƙare sai sarari da 'yan duwatsun alama da aka shafa wa farin fenti. Can muka hango Nagoggo dillali ya tattare jallabiya zuwa gwiwa, yana ɗaga mana hannu.

"Maraba da Hajiya! Har da ke aka taso?" Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ɗan wa kake?"

Ya faɗi sunan ubansa da sansaninsu a Jazira. Gogo ta ce, "Na san kakarka, tare muka tsinci auduga. Ita dai ba ta ƙarya. Mu ga kai."

Ya yi dariyar yaƙe ya kai mu wani fili shimfiɗaɗɗe, sumul, ko tsakuwa babu. Ya ce mita ɗari uku ne, kuma shi ya fi kowanne araha, in na saya har awarwaro ɗaya zai rage mini in ja katanga. Ba ruwa kwance a kansa ko kaɗan. Ni dai har na fara hango inda zan sa ƙofa da inda Yumma za ta ajiye randa.

"Ya yi," na ce. "Gogo kin gani, ko ɗigo bai riƙe ba."

Ba ta kula ni ba. Ta taka zuwa tsakiya, ta soka sandar, sandar ta shige kusan kamu guda. Ta zaro ta dubi bakin, ta murza baƙar lakar da yatsu. Sannan ta nuna wasu ƙananan kara da kashin awaki da suka jeru a layi ɗaya a gefen filin.

"Wa ya jera waɗannan?"

Nagoggo ya sosa ƙeya. "Iska ce, Hajiya."

"Iskar gidanku. Ruwa ne ya kawo su jiya, ya wuce abinsa kafin gari ya waye. Nan hanyarsa ce. Ke kuma, uwar wayo, kin zo neman inda ruwa ya kwanta, ba ki nemi inda ya bi ba. Baƙar ƙasar nan in ta sha ta kumbura, in ta bushe ta tsage, ta tsaga bango da ita. A Jazira mun ga ɗakin da ta raba biyu da mutane a ciki."

Kunya ta kama ni, har na ji zafi a kunnuwana. Duk taƙamar da nake yi ta jiran ruwa, ashe saura ƙiris in zuba gumina a kwazazzabo.

Gogo ta juya ta kama tafiya yamma, tana dogara sanda tana soka ta, mu muna biye. Ta haura wani ɗan tudu mai jar ƙasa da tsakuwa. Ta soka, sandar ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ta sake matsawa ta soka, haka. Ta tsaya tana haki.

"Wannan fa, na sayarwa ne?"

"Na sayarwa ne, amma Hajiya ya fi wancan tsada. Zai cinye zinariyar duka."

"Takardarsa?"

Ya buɗe jaka ya miƙo mini. Na karanta shahadar layi-layi, na duba lambar da ke jikin dutsen alama, suka yi daidai. Na dubi hannuna na hagu. Na tuna ranar da na sayi na farkon, yadda na kwana ina taɓa shi. Na zare ɗaya na miƙa wa Nagoggo kafin alƙalami, ya rubuta mini shaida a tsaye, sauran sai gobe gaban lauya. Hannuna ya yi mini wani irin sakayau.

Sai da ya matsa gefe yana waya na juyo wurin Gogo.

"Na ɗauka Baba ne ya turo ki ki hana ni."

"Ubanki ya isa ya aike ni?" Ta zauna a kan dutsen alama. "Zauna ki ji. Ranar da kakanki ya yi wasiyyar nan ina wurin, ni nake riƙe da kansa. Na amsa masa don mai ciwo ne. Shekara arba'in ke nan yana kwance a maƙabartar Umdurman, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa ɗana zai yi aure, tashi. Shi ya samu wurinsa, mu ya bari da ɗaukar kaya. 'Ya'ya uku na binne a ƙasar nan, Kubra. Duk lokacin da aka tashe mu, sai in ga an ƙara nisanta ni da su. Niyyar Makka tana raina har gobe, Allah ya sani. Amma na gaji da kwana da ido ɗaya a kan ƙofa."

Ban taɓa ganin hawayen Gogo ba, ranar ma ban gani ba. Nawa ne suka zubo.

"Share, ba kuka muka zo ba. Nemo mini dutse."

Na kawo. Ta miƙe ta kafa bakin sandar a kusurwar gabas, ta riƙe da hannu biyu ta ce, "Buga." Na tsaya. Sandar nan fa ko taɓa ta ba a bari mu yi muna yara. "Na ce buga!" Na buga. Ƙasar tana da tauri, sai da na yi gumi, tafina ya yi ja, kafin ta tsaya da kanta. Sai Gogo ta warware ƙunshin cinyarta, na ga abin da ke ciki, na dafe ƙirji. Igiyar akwati ce.

"Gogo! Kwance shi kika yi?"

"Tun asuba. Farcena biyu suka karye. Kama bakin nan ki ja zuwa dutsen can, mu ga inda ƙofa za ta kalla."

Ina cikin ja wayata ta ɗauki ruri. Baba. Na dubi Gogo, ta yi mini alama in ɗauka, na sa a lasifika.

"Kubra." Muryarsa har rawa take. "Wa ya kwance akwatin Alhaji? Ina sandar? Ina Gogo?"

Na ce, "Tana nan tare da ni, Baba. Muna filin."

Gogo ta fizge wayar ta kai bakinta kamar mai shirin cizo. "Mainasara, ni ce na kwance, da hannuna. Sandar ubanka kuma ga ta nan na kafa, ta gama tafiya. In kai ne ka haife ni, zo ka cire."

Ina jin kukan kajin Yumma ta cikin wayar. Can ya ce, "Ku tsaya nan inda kuke," ya kashe.

Baba bai san hanyar wurin ba. Mutum ɗaya na tura wa taswira. Ba a yi minti goma ba saƙon Ƙasimu ya shigo.

"Baba yana shagona. Ya ce in tashi in kawo shi yanzu. Ban taɓa ganin sa haka ba. Me zan ce masa?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Na ɗaga kai na dubi sandar tsaye a jar ƙasa, igiya miƙe daga jikinta, Gogo zaune a gindinta ta miƙe ƙafa tana ɓare gyaɗa kamar a tsakar gidanta. Sai na rubuta:

"Kawo shi. Ka taho da katin shaidarka na gobe. In ka san ba za ka sa hannu a ƙarƙashin sunana ba, ka sauke Baba ka juya, kada ma ka fito daga mota."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Wannan da kuke karantawa a kan dutsen alamar nake buga muku shi, caji saura kaɗan, rana ta fara zafi. Gogo ta ce in matso in tare mata inuwa. Yanzun nan wata farar mota ta ɓullo daga wajen tashar ƙarshe, tana tafe a hankali tana kauce wa taɓo, kuma mutum biyu nake hangowa a gaba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma na gyara tob ɗina, na naɗa bakin igiyar a hannun da na zare wa awarwaro ɗaya, kuma duk wanda ya zo cire sandar nan sai ya fara ɗaga ni da kakata daga wurin.